Ida Keeling: Tsohuwar da baƙin ciki ya sa ta fara gudu, ta kafa tarihi tana da shekara 100

Ranar Asabar 30 ga watan Afrilun shekarar 2016, sama da mutum dubu 40 ne suka cika filin wasa na Franklin Field da ke birnin Filadelfiya a ƙasar Amurka, domin kallon gasar guje-guje ta shekara-shekara da ake kira Penn Relays. Ana cikin wasanni sai aka kira tseren mita 100 na dattawa masu shekara 80 zuwa sama. Ba a jima da tashi ba sauran ƴan tseren suka kai layi, aka bar wata ƴar tsohuwa baƙar fata a baya, tana ɗaga ƙafa tana cilla hannu. Nan fa fili ya ɗauki tafi da sowa har ta iso. Ita ce ta zo ta ƙarshe, amma da aka duba agogo sai aka ga ta yi mita 100 ɗin cikin minti 1 da daƙiƙa 17.33, wanda ya zama sabon tarihin duniya na mata masu shekara 100 zuwa sama. Maimakon ta nemi kujera, sai ta kifa ƙasa ta shiga ɗaga jikinta da hannuwa irin yadda sojoji ke yi a wajen atisaye.

Sunan wannan baiwar Allah Ida Keeling. A ranar saura mata mako biyu ta cika shekara 101 a duniya. Tsawonta bai kai mita ɗaya da rabi ba, nauyinta kuma bai kai kilo 40 ba.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne haɗin ƴan kasuwar Baleyara da Filinge da wata tsohuwa ta Amurka? Amsar tana cikin tarihin rayuwarta. Ida ɗiyar mai kanti ce wanda ya karye ya koma talla. Ta yi aikin ɗinki, mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa huɗu, sannan aka kashe mata ƴaƴanta maza biyu. Duk wadda ta taɓa zama a rumfa tana ƙirga canji alhali zuciyarta na wani wuri, za ta gane wannan mata.

Ɗiyar mai kanti

An haifi Ida ranar 15 ga watan Mayun 1915 a birnin New York. Iyayenta baƙi ne da suka zo cin rani suka zauna, daga wani ƙaramin tsibiri mai suna Anegada da ke yankin Karibiyan. Ta tashi a unguwar Harlem, wadda ta yi suna a matsayin babbar unguwar baƙar fata a Amurka.

Wannan unguwa ba baƙuwa ba ce ga fataken Nijar. A farkon shekarun 1990 Hausawa da Zabarmawa da dama sun baza kaya a bakin titi na 125 a Harlem, suna sayar da huluna da jakunkuna da yaduka, har zuwa watan Oktoban 1994 da hukumomin birnin suka tashe su, da yawansu suka koma kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116. A waɗannan lungunan ne Ida ta yi ƙuruciyarta, shekara 70 kafin zuwan mutanenmu.

Mahaifinta yana da ɗan kantin kayan masarufi, iyalin kuma a bayan kantin suke kwana cikin matsi. Tana yarinya ta fi son hawan keke da tsallen igiya, in kuma an yi tsere da yaran unguwa ba a barin ta a baya. Sai dai a wancan zamani babu wata ƙungiyar wasanni da za ta ɗauki yarinya mace, balle baƙar fata.

A shekarar 1929, tana da shekara 14, tattalin arzikin Amurka ya ruguje. Bankuna suka rufe da kuɗin jama'a, masana'antu suka sallami ma'aikata, ciniki ya tsaya cik. Kantin mahaifinta na cikin waɗanda suka karye, dattijon ya koma tura baro yana tallar kayan marmari da ganyaye a kan titi. Ita kuma Ida ta shiga aikatau, tana wanke wa mutane tagogi, tana renon ƴaƴan maƙwabta don a samu na cefane. Daga nan maganar wasa ta ƙare, ba ta sake waiwayar gudu ba sai bayan shekara 50.

Mace ɗaya, ƴaƴa huɗu

Ta yi aure ta haifi ƴaƴa huɗu, maza biyu mata biyu. Ana zaune ƙalau ciwon zuciya ya ɗauke maigidan yana da shekara 42. Ida ta kwashe yaranta suka koma wani ɗan gida mai ɗakin kwana guda a rukunin gidajen gwamnati na marasa ƙarfi a Harlem, ta kama aikin ɗinki a masana'anta. Da wannan keken ɗinki ta ciyar da su ta kuma kai su makaranta, har ɗaya daga cikin ƴan matan, Shelley, ta zama lauya.

Duk da wannan ɗawainiya ba ta naɗe hannu ba lokacin da baƙar fatar Amurka suka tashi neman ƴancinsu. Takan ja yaranta zuwa sauraron jawabin Malcolm X a Harlem. A ranar 28 ga watan Agustan 1963 kuma ta yi sammako ta shiga mota zuwa birnin Washinton, ta shiga cikin mutane kimanin dubu 250 da suka yi gangamin da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa.

Shekarun da suka fi zafi

A shekarun 1970 miyagun ƙwayoyi, musamman wadda ake kira hiroyin, suka mamaye Harlem. Samari da dama suka faɗa sha da dillanci, cikinsu har da ƴaƴan Ida maza, Donald da Charles. Tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, cikin kimanin shekara biyu, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya a rigingimun da ke da nasaba da ƙwaya. Ba a taɓa kama waɗanda suka yi kisan ba.

Matar da talauci bai kayar ba, mutuwar miji ba ta kayar ba, wannan karon ta zube. Ta shige ɗaki ta daina walwala, tunanin yadda aka kashe mata ƴaƴa ya hana ta sakat. Jininta ya hau har ya wuce 200, alhali likitoci na ɗaukar mutum a matsayin mai hawan jini da zarar awonsa ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka.

Wannan hali ba sai an yi wa iyayenmu mata dogon bayani a kansa ba. Tramol da sauran ƙwayoyi sun lalata samari da yawa a tashoshin mota da kasuwanninmu. Rashin tsaro kuma ya bar gidaje da dama cikin makoki a jihar Tilaberi. Har yanzu ba a manta da ranar 15 ga watan Maris na 2021 ba, da aka kashe mutum 58, da yawansu a kan hanyar komawa gida daga cin kasuwar Banibangu. Bayan kowane irin wannan rashi akwai uwa. Ana yin zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, jama'a su watse kowa ya koma harkarsa. Ita kuwa daga nan nata zaman yake farawa. Sai a ga ta daina fita kasuwa, ta daina cin abincin kirki, ƙafa ta kumbura, a ce ai tsufa ne.

Ranar da ɗiyarta ta zo

Shelley, wadda ita ma ƴar tsere ce kuma mai koyar da guje-guje, ta ga mahaifiyarta na neman bin ƴan uwanta. Ba ta tsaya ga ban haƙuri kawai ba. Sai ta rubuta sunan tsohuwar a wani tseren kilomita 5 da ake yi a unguwar Brooklyn, ta zo ta lallashe ta ta fita da ita. A lokacin Ida na da shekara 67.

Kilomita 5 ba wasa ba ne ga wadda ta daɗe a zaune. Daga baya Ida ta sha faɗa wa ƴan jarida cewa a ranar ta zaci hanyar ba za ta ƙare ba, amma da ta kai ƙarshe sai ta ji kamar an sauke mata wani kaya daga ka. Hausawa na cewa abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wahalar gudun ta zo mata da sauƙi a kan abin da ke cin ta a ɗaki.

Daga wannan rana ba ta sake zama ba. Ta yi shekaru tana shiga tseren dogon zango, da shekaru suka ƙara ja sai ta koma gajeren zango, wato mita 60 da mita 100, ɗiyarta kuma ita ce mai horar da ita har ƙarshen rayuwarta.

Yadda gasar dattawa take

Da yawa daga cikinmu in an ce tsere, samari irin su Usain Bolt na Jamaika muke tunawa, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin a 2009, ko Florence Griffith-Joyner ta Amurka da ta yi cikin daƙiƙa 10.49 a 1988. Amma akwai wani ɓangare na guje-guje da aka keɓe wa manya. An yi gasarsu ta duniya ta farko a birnin Toronto na Kanada a 1975, aka kafa hukumarsu a 1977, wadda tun 2001 ake kira World Masters Athletics. Nahiyar Afirka ma ta taɓa karɓar baƙuncin gasar, a birnin Durban na Afirka ta Kudu a 1997.

Tsarin mai sauƙi ne. Duk wanda ya kai shekara 35, mace ko namiji, zai iya shiga. Ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 35 zuwa 39, 40 zuwa 44, haka dai har a kai masu shekara 100. Kowa da sa'anninsa ake auna shi, kamar yadda a kasuwar dabbobi ba a haɗa farashin ɗan maraƙi da na bijimi. Shi ya sa ko an haɗa tsofaffi masu shekaru daban-daban a tsere guda, kamar yadda aka yi a Filadelfiya, wadda ta zo ta ƙarshe za ta iya zama ta ɗaya a duniya cikin tsararrakinta. Akwai kuma wani abin sha'awa: a wannan fage mutum murna yake yi in ya ƙara shekara, domin duk ranar da ya shiga sabon rukuni shi ne ƙarami a cikinsu.

Masu shiga iri biyu ne. Akwai tsofaffin zakaru da suka ƙi ajiye takalmi, irin su Merlene Ottey, haifaffiyar Jamaika, wadda ta yi wa ƙasar Silobeniya gudu a gasar nahiyar Turai a 2012 tana da shekara 52. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa taka fili ba sai da furfura ta cika kai. Ida na cikin kashi na biyu.

Tarihin da ta kafa

A shekarar 2011, tana da shekara 95, ta yi mita 60 cikin daƙiƙa 29.86 a New York, ta kafa tarihi a rukunin mata masu shekara 95 zuwa 99. A 2012 ta yi mita 100 cikin daƙiƙa 51.85. A 2014, tana da shekara 99, ta sake yin mita 100 cikin daƙiƙa 59.80 a garin Akron na jihar Ohayo. Sai kuma tseren Filadelfiya na 2016. A 2018, tana da shekara 102, ta koma fili ta yi mita 60 cikin daƙiƙa 58.34. A wannan shekarar ce aka wallafa littafin tarihin rayuwarta.

Duk wanda ya duba waɗannan alƙaluma zai ga cewa gudunta raguwa yake yi kowace shekara. Mita 60 da ta yi cikin rabin minti tana da 95, sai da ya ɗauke ta kusan minti guda tana da 102. Ga kuma ciwon gaɓoɓi da take fama da shi. Motsa jiki bai hana ta tsufa ba. Abin da ya yi mata shi ne ya bar ta a kan ƙafafunta, tana tashi da kanta tana zama da kanta, a shekarun da sa'anninta kaɗan da suka rage sai an ɗaga an kwantar.

Atisayenta kuwa ba na masu kuɗi ba ne. A gidanta da ke unguwar Bronx take yin yawancinsa, kimanin awa guda a rana: ta ɗaga jiki da hannuwa, ta jingina baya da bango ta ɗan durƙusa kamar mai zama a kujera, ta ɗaga ɗan ƙarfe marar nauyi, ta yi ta kai da komo a barandar gida. Abincinta kuma ganyaye da kayan marmari sun fi yawa, tana haɗawa da man hantar kifi.

Ba ita kaɗai ba ce

A ƙasar Indiya an yi Man Kaur, wadda aka haifa a 1916. Ita sai da ta kai shekara 93 ta fara gudu, ɗanta Gurdev Singh ne kuma ya jawo ta. A watan Afrilun 2017 ta yi mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 14 a birnin Auckland na ƙasar New Zealand tana da shekara 101, a 2020 kuma shugaban ƙasar Indiya ya ba ta babbar lambar yabo ta mata. Ta rasu a watan Yulin 2021.

A jihar Luwiziyana ta Amurka kuma an yi Julia Hawkins, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta fara tsere tana da shekara 100, ita ma da ƙarfafawar ƴaƴanta. A 2017 ta yi mita 100 cikin daƙiƙa 39.62, ta shafe tarihin da Ida ta kafa. A watan Nuwamban 2021, tana da shekara 105, ta sake yin mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 2.95. Ta rasu a watan Oktoban 2024 tana da shekara 108.

Abin lura a nan shi ne, duka su ukun ƴaƴansu ne suka fito da su daga ɗaki.

Abin da masana lafiya ke cewa

Masana sun tabbatar cewa tun daga wajen shekara 30 naman jikin ɗan Adam ke fara raguwa sannu a hankali, raguwar kuma takan ƙara sauri bayan shekara 60, musamman ga wanda ba ya motsi. Abin da ya fi saurin tafiya shi ne ƙarfin zabura, wato irin wanda mutum ke buƙata in zai miƙe daga tabarma, ko ya tsallake kwata, ko ya tare kansa in ya yi tuntuɓe. In wannan ƙarfi ya tafi sai faɗuwa ta zo. Tsohuwa kuwa in ta faɗi ta karye a ƙugu, sau da yawa kwanciyar ke nan. Labari mai daɗi shi ne naman jiki na amsa horo ko a shekara 80 ko 90, in dai ana yi a kai a kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri-sauri. In an raba, minti 30 ke nan sau biyar a mako. Ta kuma ce a riƙa yin abin da ke ƙarfafa naman jiki aƙalla kwana biyu a mako, waɗanda suka kai shekara 65 kuma su ƙara da atisayen da ke taimaka wa tsayuwa daram don gudun faɗuwa. A ɓangaren abinci, hukumar ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, a ciki kuwa har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Bincike ya kuma nuna cewa motsa jiki na rage hawan jini, yana taimaka wa masu ciwon suga, yana kuma sassauta damuwa da rashin barci.

Sai dai a yi hattara. Kada wata Hajiya ta karanta wannan ta wayi gari ta zura da gudu. Ida da mai horarwa a gefenta take yi, ta kuma yi shekaru tana gina jikinta. Matakin farko shi ne a je gidan likita a auna jini, domin hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Wadda aka ɗora a kan magani kada ta ajiye shi don ta fara tafiya. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na sarƙewa, ta tsaya ta nemi likita. A ƙasa mai zafi irin tamu kuma, lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe ko bayan la'asar, tare da shan isasshen ruwa.

Mu a nan fa?

Wani zai ce ai matanmu ba sa buƙatar a koya musu motsa jiki, kuma yana da gaskiya ta wani ɓangare. Wadda ke daka da surfe, ta ja guga a rijiya, ta yi ban ruwa a garka cikin Dallol Boso, ta ɗauko kaya a ka tun daga ƙauye zuwa kasuwar Baleyara ranar Lahadi, ta wuce abin da Hukumar Lafiya ke nema nesa ba kusa ba. Ita hutu da abinci mai kyau ta fi buƙata.

Matsalar tana wuri biyu. Na farko shi ne mai zaman rumfa. Mai sayar da atamfa, ko kayan miya, ko dankalin Bonkuku, takan zauna a kan kujera ƴar tsugunne tun hantsi har yamma, yara ne ke miƙo kaya su karɓo canji. In za ta gida ɗan kabu-kabu zai sauke ta a ƙofa. Haka Alhajin da ke cikin kanti, ko dillalin da ke wuni a inuwa da kofin shayi mai suga. Ciniki na ci gaba, jiki na yin nauyi, gwiwa na ƙara ciwo, ana ɗauka alamar hutu ce.

Na biyu kuwa daga ladabinmu yake fitowa. Da zarar mace ta yi surukai da jikoki, sai a karɓe mata taɓarya da tsintsiya da guga. Ta yunƙura za ta ɗauko buta, a ce “Inna zauna, bari a kawo miki.” Niyyar mai kyau ce, girmama iyaye kuma wajibi ne. Amma matar da ta shekara 50 tana aiki, in aka zaunar da ita rana ɗaya, cikin ƴan shekaru sai ƙafa ta ƙi ɗaukarta. In aka haɗa da rashin miji ko na ɗa, abin ya zama biyu. Da Shelley ta bi wannan hanya, ta ce wa mahaifiyarta ta kwanta ta huta, da wuya a ce duniya ta san sunan Ida Keeling.

Ba a ce sai kowa ta sa gajeren wando ta shiga fili ba. Mace da zanenta da hijabinta za ta iya zagaya tsakar gida na minti 15 da safe, ta ƙara 15 da yamma. Za ta iya sauka daga mota kafin a kai kasuwa ta ƙarasa da ƙafa. A rumfa, duk bayan awa guda ta miƙe ta ɗauko wa mai saye kaya da kanta. Tashi daga kujera a sake zama sau goma ba tare da dafa komai ba, atisaye ne na gaske ga cinya da gwiwa. Matan da ke adashi tare za su iya sa lokaci su riƙa takawa tare, su biya su ɗauki wadda aka yi wa rashi, ko da zuwa gaisuwa ne a wata unguwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma abin da ya rataya a wuyan hukumomi. Nijar ƙasa ce mai son wasa. Kokawar gargajiya ta takobi da aka fara a Tawa a 1975 shaida ce. Muna da babban filin wasa a Yamai mai ɗauke da sunan Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu da ke wannan yanki na Filinge, filin da ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a watan Disamban 2005. Muna da Aminatou Seyni, wadda a 2022 ta lashe tseren mita 200 na nahiyar Afirka a tsibirin Moris, ta kuma zo ta huɗu a gasar duniya a garin Eugene na Amurka. Ƙasar da ta fitar da irin wannan ɗiya ba za ta rasa dattawa masu ƙafa ba. Magadan gari da ƙungiyoyin ƴan kasuwa za su iya ware rana guda a shekara don tattakin manya, kowa da rukunin shekarunsa, a gayyato ma'aikatan lafiya su auna jini da suga kyauta a bakin kasuwa. Kuɗin da za a kashe bai kai na jinyar mutum ɗaya da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar ba.

Ida Keeling ta rasu ranar 28 ga watan Agustan 2021, tana da shekara 106. Daga ranar da ɗiyarta ta fito da ita daga ɗaki zuwa ranar da ta cika, kusan shekara 39 ke nan. Gudu bai dawo mata da Donald da Charles ba, kuma tsawon kwana na Allah ne. Amma shekarun da aka ɗiba mata ta yi su a tsaye. Duk wanda ke da tsohuwa a gida da rashi ko zaman wuri ɗaya ke neman kwantarwa, ya kai ta a auna mata jini a wannan mako, gobe da safe kuma ya kama hannunta su taka zuwa bakin titi su dawo.